Zana Layin Fildbas: Teburin Excel, Manhajar Mai Kaya, Ko Babban Rumbun Zane?

Wanda aka ba aikin zana layin fildbas na masana'anta, wato wayar sadarwa da ke haɗa na'urori da yawa da ɗakin sarrafawa, yakan fara da tambayar wace manhaja zai sauke. Gara ya fara tantance abin da yake son manhajar ta amsa masa, domin matsaloli huɗu ne suke kwance a kan waya ɗaya. Akwai batun ko wuta za ta isa na'urar da ta fi nisa a ranar da komai ya taru ya yi muni. Akwai batun ko saƙo zai kai ba tare da ya lalace a hanya ba. Akwai lokaci, wato ko layin zai iya zagaya dukkan na'urorin da saurin da sarrafa injin ke bukata. Sannan akwai takardu: wace waya ce ta shiga wane rami a wane akwati, kuma wa zai iya gano hakan bayan shekara goma. Babu manhajar da ke amsa huɗun nan da kyau. Kowacce ta ƙware a ɗaya, ta ɗan taɓa na biyu, ta yi shiru a kan sauran. Shirun nan shi ne abin tsoro, saboda alamar kore a allo takan sa mutum ya ɗauka an duba masa komai.

Dokokin da kowace manhaja ke aiki da su

Foundation Fieldbus H1 da PROFIBUS PA, nau'o'in fildbas biyu, sun sha bamban a yadda suke tsara saƙo, amma a waya abu ɗaya ne: ƙa'idar IEC 61158-2, gudun kilobit 31.25 a sakan, waya biyu murɗaɗɗu ɗauke da wuta da saƙo tare. Na'ura tana aiki tsakanin bolt 9 da bolt 32. Ba ta jan ƙasa da mA 10, kuma da yawa suna jan 12 zuwa 20. Idan za ta yi magana sai ta ɗaga ta sauke karent ɗinta da kimanin mA 9, abin da ke fitowa a layi a matsayin bolt 0.75 zuwa 1 daga ƙoli zuwa ƙasa. Hakan yana yiwuwa ne saboda tamineta biyu, wato abin rufe ƙarshen layi, ɗaya a kowane ƙarshen uwar waya (babbar wayar da rassa ke fita daga ita zuwa na'urori), kowacce rizista mai om 100 haɗe da kafasita mai µF 1.

Kebul iri huɗu ƙa'idar ta sani. Nau'in A, mai kauri mm² 0.8 da rigar kariya, yana kai mita 1,900, turjiyarsa om 44 a kilomita idan an haɗa zuwa da dawowa. Nau'in B mita 1,200, C mita 400, D mita 200. Wannan tsawo ya haɗa uwar waya da dukkan rassa, ba uwar waya kaɗai ba. Idan aka gauraya kebul, sai a raba tsawon kowane iri da iyakarsa, a tara, kada jimillar ta wuce ɗaya. Shi kuma reshe, tsawonsa ya dogara da yawan na'urorin sashen, wato uwar waya ɗaya da rassanta: mita 120 in ba su wuce 12 ba, mita 90 ga 13 zuwa 14, mita 60 ga 15 zuwa 18, mita 30 ga 19 zuwa 24, sannan mita 1 kacal daga 25 zuwa 32.

Duk manhajar da za ka samu ta san waɗannan alƙaluma. Ba a nan suke bambanta ba. Bambancinsu yana cikin abin da kowacce ta ɗauka a matsayin rana mafi muni.

Teburin Excel: inda yake da ƙarfi

Lissafin wuta na sashe mai sauƙi dokar Ohm ce kawai, kuma ya kamata kowane injiniya ya iya yin sa a takarda ɗaya. Ɗauki sashe mai uwar waya nau'in A ta mita 900, akwati ɗaya a ƙarshenta, na'urori 12 kowacce tana jan mA 18, kowane reshe mita 60, na'urar ba da wuta kuma tana fitar da bolt 24.

Lissafin gaggawa zai ce karent mA 216 ne, turjiya om 39.6, faɗuwa kusan bolt 8.6, saura bolt 15.4 a akwati. Mutum ya ga tazarar fiye da bolt 6 sama da iyaka, ya sa hannu.

Yanzu a sake shi yadda filin aiki yake. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri, kuma om 44 ɗin nan a digiri 20 aka auna shi. Kebul da ke kwance a tire kusa da bututu mai zafi ko cikin rana yana iya kai digiri 60, sai turjiyar ta koma kusan om 51 a kilomita, wato om 45.8 a mita 900. Akwatin kariyar rassa shi ma yana cin wutarsa, a ce mA 10. Idan wayoyin reshe ɗaya suka haɗe, wato aka yi shot, akwatin ba ya yanke wutar gaba ɗaya, taƙaita ta yake yi. A ce iyakarsa mA 60, to reshen da ke jan 18 ya koma jan 60, ƙarin 42 ke nan. Ma'aikacin da ya zo neman matsalar zai maƙala na'urar gwaji ta hannu, wadda ke iya jan wasu mA 10 daga layin. Jimilla mA 278. Faɗuwa ta zama bolt 12.7, akwatin kansa ya ci kusan bolt 1, na'ura ta samu bolt 10.3. Har yanzu tana aiki, amma tazarar da aka gani ta bolt 6 ta koma ɗaya da 'yan kai.

Saura guraben da aka bari don gaba. Idan bayan shekara biyu aka cike ramuka huɗu da suka rage a akwatin da na'urori irin waɗannan, karent ya kai mA 350, faɗuwa bolt 16, abin da ya rage bolt 7. Ranar da reshe ɗaya ya yi shot, na'urori goma sha biyar da ba su da laifi za su ɓace daga allo lokaci guda. Da an zaɓi na'urar ba da wuta mai bolt 28 tun farko, da an tsira da bolt 11. A lura kuma da tsawo: rassa 16 na mita 60 da uwar waya mita 900 sun kai mita 1,860, saura mita 40 a taɓa iyaka, kuma rassan sun tsaya daidai kan mita 60 da doka ta yarda wa na'urori 16.

Amfanin Excel ke nan: komai a fili yake. Mai duba aikin zai ga zafin da aka ɗauka, ya ga an lissafa shot ko ba a lissafa ba, ya canza lamba ɗaya ya ga abin da ya biyo baya. Yana karɓar kayan kowane kamfani, kuma fayil ɗin zai buɗe bayan shekaru. Illarsa ita ce ba ya hana ka kuskure. Wanda ya fi yawa shi ne ɗaukar om 22 na waya ɗaya daga takardar kebul a maimakon 44 na zuwa da dawowa, sai faɗuwar ta fito rabi. Na biyu shi ne sashe mai akwatuna da yawa a jere: kowane zango na uwar waya yana ɗauke da karent na duk abin da ke bayansa, don haka zango-zango ake lissafawa ana tarawa, kuma layi ɗaya da aka kwafa ba daidai ba ya isa ya ɓata sassa arba'in. Na uku, a PROFIBUS PA, shi ne mantawa da karent na FDE, wato ƙarin da na'ura ke iya ja idan ta lalace a ciki. Ana ɗaukar mafi girma a sashen a ƙara kan jimilla.

Inda Excel ke gazawa, manhajar mai kaya ta shigo

A wuraren da iskar gas ke iya kamawa, tsarin da ya yaɗu shi ne uwar waya mai wuta da yawa, bolt 28 zuwa 30 da kusan mA 500, sannan a fili a sa akwatin shinge da ke fitar da rassa marasa haɗarin tartsatsi. Irin wannan akwati yana da na'urar sauya wuta a cikinsa, saboda haka ba karent tsayayye yake ja ba, wat tsayayye yake ja. Boltej na sauka, karent ɗinsa na hawa, hawan kuma yana ƙara faɗuwar da ta jawo shi.

Ga yadda abin yake da alƙaluma. Akwatunan shinge suna bukatar wat 5 gaba ɗaya, tushe bolt 28, uwar waya om 30. Wanda ya raba 5 da 28 zai samu mA 179, ya ce saura bolt 22.6. Ainihin amsar, bayan an maimaita lissafin har ya tsaya, ita ce mA 240 da bolt 20.8. Idan uwar wayar ta ƙara tsawo ta kai om 40, babu amsa kwata-kwata: iyakar abin da tushe mai bolt 28 zai iya turawa ta om 40 shi ne wat 4.9. Lissafin gaggawa zai nuna kusan bolt 21, alhali a fili akwatin zai yi ta kunnawa yana mutuwa. Kuma tun kafin a kai nan, akwatunan shinge da yawa suna bukatar aƙalla kusan bolt 16 a bakinsu, ba 9 ba. Ana iya koya wa Excel wannan lissafi, amma sai an san ingancin na'urar sauya wutar a kowane nauyi, kuma wanda ya ƙera ta ne ya fi kowa sanin wannan.

Nan ne manhajojin zana sashe, irin waɗanda masu ƙera kayan ke fitarwa, suka yi fice. Segment Checker na Pepperl+Fuchs shi ne sanannen misali, yana aiki da H1 da PA. DesignMATE ta fito ne daga Fieldbus Foundation, ƙungiyar da ta haɗe da ta HART a 2015 suka zama FieldComm Group. Emerson na da Segment Design Tool ga masu aiki da tsarinsa na sarrafa masana'anta, DeltaV. Salonsu kusan ɗaya ne: ka jawo na'urar ba da wuta, ka jawo kebul ka rubuta tsawonsa, ka sa akwatuna da na'urori, manhajar ta fitar da boltej da karent a kowace gaɓa, ta yi gargaɗi idan tamineta ba su cika biyu ba ko reshe ya zarce. Ga wanda ke da sassa ashirin ko talatin masu kama da juna, ribar lokaci a bayyane take, kuma rahoton da take bugawa ya fi sauƙin miƙa wa mai aikin.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata a sani kafin a dogara da su. Rumbun kayansu ya fi cika da kayan kamfanin da ya rubuta manhajar. Idan akwatinka na wani kamfani ne, dole ka ƙirƙiri abu na gama-gari ka cusa alƙaluma da hannu, kuma a lokacin ka koma matsayin mai Excel, illa dai ba ka ganin lissafin. Na biyu, karent na na'urori: idan aka bar lambar da manhajar ta zo da ita ga kowace na'ura, sakamakon ba na sashenka ba ne. Fozishina na bawul, wato na'urar daidaita buɗewarsa, da mitar kwarara sukan ja fiye da tiransmita na matsi, don haka a ɗauko kowace lamba daga takardar na'urar da aka saya, ba wadda aka yi niyyar saya a farkon aiki ba. Na uku, zafi da shot da na'urar gwaji galibi zaɓi ne a cikin saiti. Manhaja ɗaya za ta iya ba da kore ko ja a kan sashe ɗaya, gwargwadon akwatunan da aka latsa.

Shawararmu a nan ba ta da kwana: yi amfani da manhajar kamfanin da za ka sayi na'urar ba da wuta da akwatunansa, domin su biyun ne ke da halayen da ba sa fitowa duka a takarda. Na'urorin aunawa na kowane kamfani, a wajen lissafin wuta, lamba ɗaya ce ta mA.

Batun FISCO

Idan duk sashen ne ake son ya zama marar haɗarin tartsatsi, har da uwar waya, to FISCO ake bi, tsarin da hukumar PTB ta Jamus ta samar, ya shiga ƙa'ida a matsayin IEC 60079-27 kafin a narkar da shi cikin sauran sassan IEC 60079. Kyawunsa shi ne ya ɗauke wa injiniya lissafin kafasitans da indoktans na kowace mita, muddin kebul ya faɗa cikin iyaka: turjiya om 15 zuwa 150 a kilomita, indoktans mH 0.4 zuwa 1, kafasitans nF 45 zuwa 200. Reshe ba ya wuce mita 60, kuma a rukunin gas na IIC, mafi saurin kamawa, jimillar ba ta wuce mita 1,000. Farashin wannan sauƙi shi ne ƙarancin wuta. Tushen FISCO na IIC yana ba da abin da bai fi bolt 12 zuwa 13 ba da ɗan sama da mA 100. Tazarar bolt 3 zuwa 4 ce kawai tsakanin tushe da iyakar bolt 9, saboda haka kowane mA yana da daraja kuma zafin kebul na iya yanke hukunci.

A nan ne ake yawan ruɗuwa: manhajar zana sashe tana tabbatar maka cewa layin zai yi aiki, ba ta tabbatar maka cewa ba zai tayar da gobara ba. Wannan na takardun shaida ne. Sai an duba kowace na'ura da kowace tamineta an ga hatimin FISCO a takardarta, an rubuta jerinsu a takardar tsarin. Na'ura ɗaya da ke da shaidar tsohon tsarin Entity kaɗai, wanda aka bi kafin FISCO, wadda alƙalumanta ba su kai bolt 17.5 da mA 380 da wat 5.32 ba, ta fitar da sashen daga FISCO ko da allo ya nuna kore.

Lokaci ba ya cikin lissafin wuta

Sashe na iya samun wuta wadatacciya amma ya yi wa aikin nawa. A H1, duk saƙonnin sarrafawa suna bin jadawali mai maimaituwa, kuma sai an bar kaso mai tsoka na zagayen a sake domin ƙararrawa da saiti da bayanan lafiyar na'ura. Manhajar uwar na'ura, wato tsarin da ke sarrafa layin, irin ta DeltaV ko CENTUM, ita ce ke gina jadawalin daga fayilolin DD da CFF masu bayanin kowace na'ura, ita ce kuma za ta gaya maka ko bawuloli uku masu bukatar sauri za su zauna a sashe ɗaya. Shi ya sa da wuya ka ga sashe ya wuce na'urori 16 duk da ƙa'ida ta ambaci 32. Kundin AG-181 na Fieldbus Foundation ya yi bayanin yadda ake rarraba madaukan sarrafawa masu muhimmanci, kuma ya cancanci karantawa kafin a fara jan layi.

A PROFIBUS PA iyakar takan ɓullo ta wata kafa. Kowane ma'auni yana cin bayit 5, huɗu na lamba, ɗaya na matsayi. Idan PA ta ratsa ta na'urar haɗi da ke bayyana a PROFIBUS DP, layin da ya fi PA sauri, a matsayin tasha ɗaya, bayit 244 ne iyakar shiga, wato ma'auni 48. Mitar kwarara ɗaya mai aiko da ma'auni biyar ta cinye gurbin na'urori biyar. Segment Checker ba zai ce uffan a kan wannan ba. TIA Portal na Siemens ko makamancinsa, ɗauke da fayilolin GSD masu bayanin na'urorin PROFIBUS, shi ne zai nuna.

Manyan manhajojin zane

EPLAN Electric P8, AutoCAD Electrical, COMOS na Siemens, AVEVA Instrumentation, da Smart Instrumentation na Hexagon wadda tsofaffin hannu suka sani da INtools, aikinsu na asali takardu ne. Lambar na'ura ɗaya tana zaune a rumbu ɗaya, daga nan zanen sashe da jadawalin kebul da jerin ramukan akwati da jerin kayan saye duk suke fitowa. Idan aka mayar da tiransmita daga sashe na 14 zuwa na 17, takardu biyar sun gyaru tare. A aikin da ke da ɗaruruwan sassa da injiniyoyi da yawa, wannan kaɗai ya biya kuɗin lasisi da na horo.

Wasunsu, irin su Smart Instrumentation, suna da rahoton tantance sashe da ke duba tsawo da yawan na'urori da wuta. Yana da amfani a matsayin matakin tantancewa na farko. Amma sakamakonsa bai fi alƙaluman da aka zuba a rumbun ba, kuma wanda ya shirya rumbun sau da yawa ba shi ne ke zana sashen ba. A tambaya a fili: wane zafi aka sa wa kebul, kuma yaya aka wakilci akwatin shinge? Idan amsar ita ce karent tsayayye, to sassa masu shinge sai an sake bi da su ta manhajar mai kaya.

Ga ƙaramin aiki na sassa biyar ko goma, shirya irin wannan rumbu ya fi zanen kansa cin lokaci. Zanen CAD na yau da kullum da jadawali mai tsabta sun wadatar.

Idan layin ba H1 ko PA ba ne

PROFIBUS DP ba ya ɗaukar wutar na'ura, don haka babu lissafin faɗuwar boltej, kuma ba a bukatar manhaja ta musamman don tsawo. Jadawali ɗaya ne: mita 1,200 har zuwa kilobit 93.75, mita 1,000 a 187.5, mita 400 a 500, mita 200 a megabit 1.5, mita 100 daga megabit 3 zuwa 12, tashoshi 32 a sashe har da rifita, na'urar ƙarfafa saƙo. Matsalar DP tana cikin abin da zane ba ya nunawa. Taminetarsa rizista uku ce, om 390 da 220 da 390, kuma tana bukatar bolt 5 daga na'urar da aka maƙala ta. Idan na'urar ƙarshe injin sauya gudun mota ce da ake kashewa don gyara, duk layin zai rikice a duk lokacin da aka kashe ta. Maganin shi ne tamineta mai wutar kanta, kuma mutum ne zai tuna ya sa ta a zane. Rassa kuwa, a megabit 1.5 jimillarsu ba ta kai mita 7 ba, sama da haka ba a yin su sam.

DeviceNet, wani nau'in fildbas, ya koma gefen masu lissafi. Yana ɗauke da bolt 24 a waya biyu daban, kebul mai kauri yana kai mita 500 a kilobit 125, 250 a 250, 100 a 500. Reshe ɗaya mita 6, jimillar rassa mita 156 ko 78 ko 39 gwargwadon gudu, tamineta om 121. Abin da ke kama mutane shi ne faɗuwar da ke kan wayar V−, wadda bai kamata ta wuce bolt 4.65 ba, domin da ita ake auna saƙon CAN, tsarin da DeviceNet ke magana da shi. Tasha na iya samun fiye da bolt 11 da take bukata amma ta kasa magana. Sau da yawa mayar da tushen wuta tsakiyar layi, kusa da masu jan wuta da yawa, ya fi ƙara masa girma. Integrated Architecture Builder na Rockwell yana yin wannan lissafi, kuma ga mai aiki da kayansu shi ne hanya mafi gajarta. Kebul mai kauri yana iya ɗaukar amfiya 8, amma a Arewacin Amurka dokar NEC ta da'ira mai aji na 2 ta rage shi zuwa kusan 4, don haka a duba dokar da manhajar ta ɗauka.

Yadda za a zaɓa

Gwaji ɗaya ya fi karanta tallan kowace manhaja. Ɗauki sashen da ya fi tsawo da nauyi a aikinka, lissafa shi da hannu zango-zango, sannan zuba shi a manhajar da saiti iri ɗaya. Idan amsoshin sun rabu da fiye da rabin bolt, kada ka ci gaba sai ka gano dalili. Galibi za ka tarar da turjiyar na'urar kare tsawa da ɗaya ya lissafa ɗaya bai lissafa ba, ko an ɗauki boltej na tushe a lokacin da babu nauyi a maimakon mafi ƙarancin da takarda ta yi alkawari a cikakken nauyi. Bayan haka ka cire tamineta ɗaya a zanen, ka ƙara reshe ya wuce iyaka, ka ɗaga zafi zuwa 60, ka ga ko za ta yi ƙorafi. Wadda ta yi shiru a kan ɗaya daga ciki, ka san abin da ya rage a wuyanka.

Ƙaramin faɗaɗawa a wuri marar haɗarin gas, da akwatunan kariya na yau da kullum: Excel da aka duba da kyau ya isa. Duk inda akwatin shinge ko FISCO ya shigo, ko da sashe ɗaya ne: manhajar mai kaya, tare da takardar hannu ga sashe mafi muni. Sabuwar masana'anta: rumbun zane domin takardu, manhajar mai kaya domin 'yan samfuran sassa da za a amince da su, sannan a kafa doka mai sauƙi daga samfuran, misali uwar waya kada ta wuce kaza da na'urori kaza, rumbun ya tilasta ta a kan sauran. Manhajar uwar na'ura kuwa ba zaɓi ba ce a kowane hali, kuma gara a gwada jadawalin lokaci kafin a ba da odar kebul.

Abu biyu ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu. Ɗaya shi ne yadda za a haɗa rigar kebul da ƙasa: masu Foundation Fieldbus sun saba haɗa ta a wuri ɗaya, ɗakin sarrafawa, masu PROFIBUS kuma a ƙarshe biyu tare da wayar daidaita boltej tsakanin gine-gine. Kowanne yana aiki, gaurayawa ce ke kawo hayaniya, don haka a yanke shawara ɗaya a rubuta ta a kan kowane zane. Ɗayan shi ne tsawon gaskiya. Kebul da aka zana mita 900 yakan fito da ƙari bayan ya zagaye ginshiƙai ya hau ya sauka, saboda haka a karanta alamar mita da ke jikinsa bayan an ja shi, a mayar da lambar cikin lissafi. Kafin a kunna, a auna kafasitans tsakanin wayoyin biyu: kowace tamineta tana ƙara kusan µF 1, ta haka ake kama ta uku da ke ɓoye cikin wani akwati. Bayan an kunna, FBT-6 na Relcom a H1 ko ProfiTrace a PROFIBUS za su ba da boltej da ƙarfin saƙon kowace na'ura da hayaniya, a ajiye su gefen alƙaluman zane.

Ga wanda ke zana sabon layi yau, akwai dalilin tsayawa kan kebul nau'in A da rubuta tsawon kowane reshe daban. Ethernet-APL, wanda aka ƙaddamar a 2021, yana gudu a megabit 10 kan waya biyu masu ɗauke da wuta, uwar waya har mita 1,000, reshe har mita 200, kuma an tsara shi ya yi aiki da nau'in A. Rassan H1 da PA da ke cikin iyakar mita 120 sun shiga ciki. Uwar waya mai mita 1,400 ba ta shiga ba, sai an raba ta ko a kai fayiba zuwa akwatin fili.